Gangara

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Valparaíso,
garin da aka rataye a jikin duwatsu kamar shanya.
Matakala ɗari da sittin zuwa ƙofar Doña Hortensia,
na san kowacce, har wadda ta tsage ta gefen hagu.
Jaka a kafaɗa, teku a bayana, kare na haushi daga sama.

Yanzu hawa ba ya ba ni wuya, gangara ce azaba.
Wa zai yarda?
In na sunkuya kamar mai neman allura, ƙafafu su lafa.
In na miƙe kamar sauran maza
sai wuta ta taso daga ƙugu, ta bi cinya ta sauka,
tafin ƙafa ya koma kamar na aro.
Taku hamsin, in zauna.
Taku arba'in, in zauna.

Likita Arriagada ta ɗaga hoton a gaban fitila,
ta nuna da gindin biro:
"Ga hanyar da jijiyoyi ke bi cikin ƙashin baya.
Ta tsuke, kamar lungun da maƙwabta suka ci da gini."
Na ce na san irin lungun,
na sha shigar da takarda cikinsa a karkace.

Aka fara da ƙwayoyi.
Farar ta rage zafi, ta ƙona min ciki.
Rawayar ta sa ni gyangyaɗi da rana tsaka
har na kira jikata da sunan uwarta.
Na mayar wa likita abarta.

Sai Nahuel, yaron sashen gashin ƙashi,
ya kwantar da ni: gwiwa zuwa ƙirji, ƙirga goma, saki, sake.
Ya ɗora ni kan keken da ba ya zuwa ko'ina,
ni da na cinye takalma saba'in a kan hanya.
Na yi dariya, amma keken bai ci amanata ba.
Ranar Talata kuma tafkin ruwan ɗumi,
tsofaffi shida muna taku a ciki kamar agwagi,
ruwa ya karɓi nauyin da babu wanda ya taɓa karɓar min.

Allurar baya ta zo a Yuni, tsakiyar sanyinmu.
Wata uku na manta da kujera,
na sauka kasuwar kifi da ƙafata, na yi ciniki a tsaye.
A na huɗu ciwon ya dawo ko sallama babu,
kamar mai gidan da ya je unguwa.

Saura maganar wuƙa.
Za a sassaƙe ƙashin, a buɗe wa jijiya hanya.
Ta faɗa min ba ƙari:
ƙafafu sun fi samun sauƙi,
baya yakan riƙe wani abu daga ciwonsa,
kuma ba aikin da ba shi da kasada.
'Yata Maite ta ce a yi.
Ƙanena ya ce an yi wa maƙwabcinsa, yana rawa yanzu,
an yi wa surukinsa, bai ga bambanci ba.
Kowa da bayansa.

Takardar amincewa na kan tebur,
ƙarƙashin kwalbar gishiri, yau kwana tara.
Ni da na kai wa mutane albishir da sammaci da ta'aziyya
ban taɓa barin wasiƙar kowa ta kwana a hannuna ba,
ga tawa ta gagare ni.

Da safe na tura keken cefane, ba don zan sayi komai ba,
don dai in sami abin jingina.
Na shiga akwatin ƙarfen nan da igiya ke ja zuwa saman dutse,
wanda a da nake cewa na ragwaye ne.
Ta taga na hango sabon mai wasiƙu
yana tsallake matakala bibbiyu, jaka a kafaɗar dama.
Na so in ce masa, yaro, riƙa sauya kafaɗa.
Kafin in buɗe baki mun wuce shi.

Biro na cikin aljihuna.
Ina ta taɓa shi.